Inna Ta Daina Ci, Yayana Ya Ce Laifina Ne

Hajja Jummare, don Allah ki agaza mini, na rasa inda zan sa kaina. Yaƙi ne ya taso mu daga Madani, muna zaune Gadarif a gidan kawunmu. Innata na da sartan, wato ciwon daji, a ciki, daktor ya ce ya wuce aiki, sai dai a riƙa rage mata zafi. Matar da ta shekara talatin tana tuyar kisra, wainarmu ta dawa, tana ciyar da unguwa, yau cokali biyu na kunu sai ta kau da kai. Na yi tuwon asida, na yi romo, na sake wani, duk a banza. Na kasa zama wuri ɗaya, in leƙa tukunya in leƙa ta. Yayana Elnour ya zo daga gonakin yankin Simsim da cinyar rago, ya ga yadda ta rame, ya ce ni ce ba na matsa mata. Ya kuma hana sukari, wai shi ke ciyar da cutar, alhali shayi mai zaƙi kaɗai take roƙo. Shekaranjiya na ɗura mata da ƙarfi, ta yi amai, ta kalle ni tana hawaye. Tun ranar, da ta ji motsin kwano sai ta rufe ido. Hajja, yunwa nake bari ta kashe ta?

'Yar Madani

'Yata, ki kwantar da hankalinki. Cutar ce ta ɗauke mata son abinci, ba sakacinki ba, kuma ɗure wahala kawai yake ƙara mata, har yana iya sa ta ƙware. In ba ta da ciwon sukari, ki ba ta shayinta yau. Sauran kuma kaɗan-kaɗan a ƙaramin finjali, mai laushi, lokacin da ta so: zabadi, wato kindirmo, ko kunu da madara. In ta ce ya isa, ya isa. Ki riƙa jiƙa mata leɓe. Ki gaya wa daktor zancen aman, ya duba bakinta ko akwai gyambo, don akwai magani.

Elnour kuwa tsoro ne ke cin sa, naman nan shi ne abin da ya iya kawowa. Ki tafi da shi wajen daktor ya ji da kunnensa.

Sannan wani lokacin ki shiga wurinta hannu wofi, ki zauna, ki tsefe mata kai. Tana buƙatar 'yarta fiye da kwanon. Allah Ya sassauta mata, Ya ba ku ladan jinya.