Albarka, Bushra

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Ƙawata Bushra ta zo da jaka cike da shayin rage teɓa. Wai ta shiga kamfani. In na yi rajista na kawo mutum uku, su ma suka kawo uku-uku, kafin shekara sai mota. Ni kuwa ina tsakiyar littafi, daidai inda jarumin ya tsaya ƙofar gidansu yarinyar ruwan sama na dukansa. Na ce, "To, zan duba."

"To" ɗin kawai ta ji.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ashe ba ni kaɗai take so ba. 'Yan matan da ke zuwa aron littafi wurina take so in rubuto mata sunayensu, har da 'ya'yan Gwaggo na Bakura. Wai, "Kina da jama'a, Nazifa, ba ki sani ba ne." Wace jama'a? Yaran da ke shigowa sum-sum su cusa littafi cikin hijabi. Da wane ido zan dubi ɗayarsu, kamar Safara'u, in ce ta sayar da akuyarta ta sayi shayi?

Amma Bushra ce fa. Tun aji ɗaya muke tare, kuma ban da wata ƙawa sai ita. In ta yi fushi...

Talata, 8 ga Oktoba

Na raka Kaka kasuwa da gyaɗar da aka kawo mata daga gonar Maradun. Wani ya taya, tayin wulaƙanci. Ta yi murmushi ta ce, "Albarka." Ya ƙara kaɗan, ta ce albarka. Ya wuce har yana cewa a gaida gida. Ba wanda ya ɓata rai.

Na tambayi Kaka dalili. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, mai taye ba a ce mai a'a. Sa mai albarka, ki riƙe abinki."

Na gwada gaban madubi sau bakwai.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bushra ta zo. Na kasa. Na ce kaina ke ciwo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na faɗa. Ni, da bakina.

Da hantsi ta shigo da fom da biro, har ta rubuta sunana da kanta. "Sa hannu nan." Ƙirjina na bugawa irin na 'yan matan littafi in an yi sallama da su, sai dai ni ba saurayi ke jirana a waje ba, fom ne.

Na ce, "Albarka."

Ta ce, "Mi? Gyaɗa nit taya?"

Na ce, "Allah ya sa wa kasuwarki albarka, Bushra. Amma ba ni shiga, kuma ba ni ba da sunan kowa."

Ta yi dariya, sai ta ga ban yi ba. Ta kawo zancen mota, na ce albarka. Ta kawo zancen Umara kyauta, na ce albarka. Ta naɗe fom ɗinta ta ce, "Ashe kina da baki." Na raka ta har zaure.

Na dawo na cinye tuwo malmala biyu. A duk littattafan da na karanta ba wadda ta yi irin wannan, su sai dai kuka.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ta wuce Islamiyya ba ta biyo mini ba. Na tafi ni kaɗai. Hanyar ta yi tsawo, amma na isa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Yau ta zo, babu jaka. Ta daɗe zaune bakin gado tana wasa da bakin mayafi. Ashe shayin na nan jibge a ƙarƙashin gadonta, ba mai saye, ga Anti Lailatu da ta sa ta ciki ta matsa sai ta ƙaro kwali biyar.

A hankali ta ce, "Wagga kalma taki, tana ci ga manya?"

Na ce gobe bayan Azahar mu tafi gidan Antin tare. Ta ce ba za ta iya kallon idonta ba. Na ce ta zauna kawai, ni zan fara magana.

Ban san me ya sa na ce haka ba. Ƙila zafin rana ne. Na dai goge hijabina mai ruwan toka na rataye.