Sanyin San Juanito

Alvarado, 4 ga Janairu, 1997

Zuwa ga Yayata Hermila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin shiga sabuwar shekara lafiya, ke da maigidanki Casimiro da yara. Yaya gwiwar? In man da na aiko miki bai yi aiki ba, ki daina taurin kai ki je asibiti. Mu nan lafiya ƙalau, sai dai iskar arewa da ta hana kowa fita teku kwana uku, gari duk ya cika da warin jiƙaƙƙen taru.

Ga labari. Ranar Kirsimeti muna cin abinci, 'yata Idalia da mijinta suka ce shekara talatin da biyar da aure ba wasa ba ne, mu zaɓi inda muke so mu je, ni da Nabor, su za su ɗauki nauyi. Kin san halin mijina. Bai ko ɗago kai daga kwanon kifinsa ba ya ce, "Ina za ni? Ga injina uku kwance a shago."

Idalia ta ce, "Baba, injinan ba za su gudu ba. Ai don ba sa tafiya aka kawo maka su."

Aka yi dariya, aka juyo kaina. Na ce Creel nake so, can duwatsun Chihuahua, in ga dusar ƙanƙara da idona kafin in mutu. Nabor ya ce, "Ke Tolia? Ke da kike sa safa in an kunna fanka?" Amma ya yarda. Har ya aro kwat ɗin surukinmu, ya sa a tsakar gida da rana tsaka, ya koma kamar buhun masara da aka ɗaure da igiya.

Yaya, ke kaɗai ce za ki gane dalili. Jirgin ƙasan da ke zuwa Creel yana tsayawa a San Juanito, garin da ɗana Fidencio yake zaune. Shekara bakwai ke nan wasiƙun Fidencio suna zuwa ta hannunki, kina sa su cikin wani ambulan da rubutunki ki aiko mini, ni kuma ina karantawa a bayan gida kamar ɓarauniya, wasiƙar ɗan da na haifa. Ya sa na rantse ba zan gaya wa ubansa inda yake ba, ko cewa yana raye. Na riƙe rantsuwar. Amma a watan Nuwamba, ranar tunawa da matattu, Nabor ya sake jera hotuna biyu a kan teburi, na ɗanmu marigayi Eleazar da na Fidencio, ya ajiye wa kowannensu burodi da kofi. Sai da ya ƙyasta ashana huɗu kafin kyandir ya kama. Ina tsaye a bayansa da furanni. Na ji ba zan iya ƙara shekara a haka ba.

Na rubuta wa Fidencio cewa muna zuwa. Bai amsa ba tukuna. In wani abu ya zo ta wurinki, ki aiko da sauri, ranar goma sha huɗu za mu tashi. Kada ki yi mini faɗa, yi mini addu'a.

Ki gaida Casimiro da kowa.

Ƙanwarki,
Eustolia

Creel, 19 ga Janairu

Yaya Hermila,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, yatsuna sun ƙage. Muna zaune a wani ƙaramin masauki na katako, akwai murhun ƙarfe a tsakiyar ɗakin, amma ɗuminsa ba ya wuce taku biyu. Ruwan da muka bari a kofi ya daskare kafin safe.

Kwana biyu muka yi a bas kafin Chihuahua, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga nan jirgin ƙasa. Nabor da ya yi ta gunaguni tun daga gida, da jirgi ya fara hawan duwatsu sai ya manne da taga. Da muka sauka ya durƙusa ya ɗebi dusar ƙanƙara da hannu ya ɗanɗana. Ya ce, "Ba gishiri. Wannan ƙasa ba ta san komai ba." Ya dunƙula ya jefe ni a baya, tsoho da shi. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun Eleazar na raye.

A San Juanito jirgi ya tsaya kamar minti biyar. Na duba fuskar duk namijin da ke tashar. Nabor ya ce, "Wa kike nema, kina da bazawari a nan ne?" Na ce hayaƙin wuraren yankan katako nake kallo.

Jiya ce ranar aurenmu. Ya saya mini mayafin ulu ja daga hannun matan duwatsun nan, ya yafa mini da kansa a kan titi. Muka je coci. Bayan an tashi ya tafi gefe ya kunna kyandir biyu, na ji yana kiran sunayensu a hankali. Da muka fito, a kan matakalar cocin, na ce masa, "Nabor, ɗaya ya isa. Fidencio yana raye. Yana San Juanito, yana da mata da 'ya."

Ya dube ni kamar da wani yare na yi magana. Sai ya zauna a kan matakalar, cikin dusar. Mutane suna wucewa ta gefenmu.

Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Shi. Yana rubuto mini."

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Bai yi ihu ba, Yaya. Da ihun ya yi da ya fi mini. Ya yi ta kallon tafin hannunsa.

Kin kasance a maƙabarta ranar da aka binne Eleazar, kin ji da kunnenki. Shekara goma sha biyu ke nan. Nabor ya hana yaran fita don iska na tasowa, Fidencio ya ɗauki kwale-kwalen a ɓoye ya tafi da ƙaninsa Eleazar, teku ta dawo mana da ɗaya a raye, ɗayan sai bayan kwana biyu. Ana zuba ƙasa Nabor ya juya ya ce wa Fidencio, yaro ɗan shekara goma sha tara, a gaban duk gari, "Da kai ruwan ya ci." Washegari gadon Fidencio ba kowa. Nabor ya yi shekara uku yana bin tashoshi da asibitoci da hotonsa a aljihu, har ya haƙura ya sa shi cikin matattu. Bai taɓa maimaita maganar ba, ni ma ban taɓa tuna masa ba, amma tare muke kwana da ita muke tashi.

Da muka koma masauki ya nemi ruwan zafi ya yi aski, ya goge takalmansa. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Gobe Lahadi ba mota. Jibi." Abincin da matar masaukin ta dafa mana na murna, nama da barkono da tuffa a zuma, yana nan a rufe ba wanda ya taɓa.

Taki,
Eustolia

Creel, 21 ga Janairu

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Jikinmu lafiya, sai tari da ya kama ni. Mun je.

Gidan yana bayan wurin yankan katakon da Fidencio yake aiki, ɗaki biyu, rufin kwano, itacen wuta jibge har taga. Matarsa Rosenda ce ta buɗe. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Tana ganinmu ta gane, ta ce mu shigo kada sanyi ya kashe mu. Ta ce wasiƙata ta iso, ya karanta ya jefa a murhu, amma ita tun ranar take share gida. Ta ba mu kofi da tortiya, wainar alkama irin tasu ta nan. Yarinyar, Noemí, shekararta huɗu, ta ɓuya a bayan uwarta tana leƙen Nabor. Goshin Eleazar ne da ita sak. Nabor ya riƙe kofin bai sha ba.

Da azahar aka busa usur na tashin ma'aikata. Muka ji takun Fidencio, ya tsaya yana karkaɗe dusar ƙanƙara daga takalmi, ya turo ƙofa. Yaya, ya fi ubansa faɗi, gashinsa ya fara fari, kuma yatsu biyu babu a hannunsa na hagu. Bai taɓa rubuta mini wannan ba. Na tashi na rungume shi. Ya bar ni na rungume shi, hannuwansa a sake.

Ya ce, "Mama, kin rantse mini."

Na ce, "Na rantse, ɗana. Na karya."

Nabor ya miƙe, ya cire hula. Ya ce, "Fidencio. Na neme ka."

Fidencio ya ce, "Wanda kake nema ai ruwa ya ci shi. Kai ka roƙa."

Nabor ya ce, "Bakina ne ya faɗa, ba..."

Ya katse shi. "Kullum sai na ji ta. Ina tura katako cikin zarto ina jin ta. Ranar da yatsun nan suka tafi ma ita nake ji." Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan. Ya juya ga matarsa ya ce, "Ki ba su abinci, hanya da nisa. Motar ƙarfe uku kada ta wuce su." Ya shafa kan yarinyar ya fita, bai ci komai ba.

Nabor ya bi shi har bakin ƙofa, ba hula, ya tsaya yana kallon bayansa har ya shige. Rosenda ta zuba mana wake. Muka ci don kunyarta.

A mota na kai hannu zan riƙe nasa, ya janye. Ya ce, "Shi yana da gaskiya. Amma ke, Tolia? Ni magana ɗaya na yi, rana ɗaya, da gawar ɗana a gabana. Ke shekara bakwai kina miƙo mini furanni in sa wa rayayye."

Na ce da na faɗa, da yaron ya daina rubutowa, da mun rasa shi gaba ɗaya.

Ya ce, "Da ke kin rasa shi. Ni ai ban da shi."

Gobe za mu kama hanyar gida, da sauran kwana uku a cikin waɗanda Idalia ta shirya mana.

Ƙanwarki,
Eustolia

Alvarado, 9 ga Maris

Yaya Hermila,

Ina gaishe ki, ina gaida Casimiro. Na sami wasiƙunki biyu, ki yafe mini shirun. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Tarin ya bar ni. Zafi ya fara, mangwaron tsakar gida ya yi fure fiye da bara.

Kin ce in ba Nabor lokaci. Na ba shi. Da muka dawo ya kai gadonsa shago, cikin injina. Da rana yakan ci abinci gidan Idalia. In na aika masa da wanki, yakan karɓa ya ce a gode mini, kamar wata maƙwabciya. Idalia ma ta yi sati biyu ba ta taka gidan nan ba. Da ta zo ta tsaya a bakin kicin ta ce, "Mama, ni ma fa yayana ne. Na yi aure babu shi, kina kallona ina kuka." Yanzu tana zuwa, amma ba ta daɗewa.

Ranar ashirin ga Fabrairu na je shagon na tarar da kwaɗo. Ya gama gyaran duk injinan da ke hannunsa, ya mayar wa masu su, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya tafi. Idalia kaɗai ya gaya wa.

Shekaranjiya aka kira ni waya a kantin magani, Rosenda ce. Ta ce Nabor yana San Juanito. Ya kama ɗaki a bayan wani shagon walda, yana gyaran injinan sare itace, wai har an fara saninsa. Ba ya zuwa gidansu. Kullum in an busa usur na yamma yakan tsaya a tsallaken titi, daura da ƙofar wurin katakon, har Fidencio ya fito ya wuce, sannan ya koma. Ba ya kiransa, ba ya binsa. Ta ce sanyi bai sake su ba tukuna, Nabor yana tari, ita ce take kai masa miya a ɓoye. Na ce mata kada ta ɓoye, ta kai a gaban mijinta, ko zai yi faɗa.

Na tambaye ta ko sun yi magana. Ta ce ranar Talata Fidencio ya wuce shi, ya yi 'yan taku, ya tsaya bai juyo ba, ya ce, "Tsoho, ka sayi hular kirki. Kunnuwanka za su ruɓe." Iyakar abin ke nan. Ta ce washegari Nabor ya zo da sabuwar hula.

Na tambaya ko ɗayansu ya ba da saƙo gare ni. Abin da ta ce kawai shi ne Noemí tana gaishe ni.

Yaya, in Casimiro zai iya yi ba ke na sati biyu, ki zo. Har yanzu hannuna bai koyi dafa abincin mutum ɗaya ba, kullum sai na zubar. Kada ki kawo komai, ki zo kawai.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Eustolia