Safar Tullio

Maris 1933

Yaya Osvaldo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Pina da yara kuna lafiya can Ajantina. Mu kam sai godiya.

Ƙungiyar mijina Tullio ce kan gaba a duk Italiya, birni ya haukace. Ni ce kaɗai ba na murna. Tun hunturu aka tsage shi da ƙusar takalmi a ƙauri, ya ja safa ya rufe. Ka san camfin 'yan ƙwallo: muddin ana cin wasa, ba a wanke safar da aka fara sa'a da ita. Ta bushe ƙamas da laka da jini, haka yake zura ta kan ciwon kowace Lahadi. Na kai hannu zan jiƙa ta, ya ce, "Ke Nives, so kike ki wanke mana kofi a baho?" Sai ya watsa wa ciwon barasa, wai ya gama magani.

Ƙanwarka,
Nives

Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jikin Pina? Ka ce in sace safar in wanke. Ba ka san surukinka ba, a jakarsa take kwana. Ƙafar ta kumbura, ɗakinmu yana irin warin da Baba ya dawo da shi daga yaƙi. Na sami mai horar da su, ya ce in bari a gama, wasa nawa ya rage? Ran Lahadi Tullio ya faɗi, kuma dokar ƙwallo ba ta yarda a canza ɗan wasa ba, sai suka tura shi gefe yana ɗingishi har aka tashi. Jama'a na tafi, ni ina kuka. Tsoro nake ji, Yaya.

Taka,
Nives

Yuli

Yayana,

Ina fatan kuna lafiya. Sun ci kofin. Masu baƙar riga, 'yan bangar gwamnati, sun zagaya gari da tutoci, an yi ta buga ƙararrawar coci. A asibiti Tullio ya ji ta, bayan an yanke ƙafar daga gwiwa. Da ya farfaɗo bai tambayi ƙafar ba, cewa ya yi, "Kin gani? Da kin wanke fa?"

Jiya na wanke safar, ruwa uku kafin ta fita. Sai da na shanya duka biyun a igiya sannan na tuna ƙafa ɗaya gare shi yanzu.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Nives