Allurar Baba ta Safe

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Kina shafa maganin kuwa, ko kin koma halinki na jira sai ta kumbura?

Mu ma lafiya, in dai lafiya ce mutum ya tashi da ƙafafunsa. Kin ce a waya muryata ta canza, na ce mura ce. Ba mura ba ce. Baba na kusa da ni ne lokacin, ba na so ya ji, shi ya sa na ɗauko biro.

Yaya, na gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi mata komai. Tun da asuba zan ɗora ruwa, in yi wa Baba allurar ciwon sukarinsa, in ba shi abin kari, in tashi yara, in shiga neman takalmin ƙaramar da kullum sai ƙafa ɗaya ta ɓata. Baban yara kuwa tun da aka mai da shi aiki wani gari sai ƙarshen wata muke ganinsa, ya zo da tsaraba da tasa gajiyar. Ina isa ofis wayoyi na jirana a teburin karɓar baƙi, kowa da fushinsa, ni kuma ba ni da izinin ɓata rai. Yanzu ko a banɗaki nake sai in ji waya na ƙara, in fito a guje, ashe kunnena ne.

Abin da ke ba ni kunya, babu wani babban abu da ya same ni. Amma shekaranjiya murfin tukunya ya faɗi, na zauna daɓas a ƙasa ina kuka kamar an yi mini rasuwa.

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta ce damuwa ce ta taru mini, wai in riƙa jan numfashi a hankali, in kuma samu lokacin kaina. Na ce to. A wane kanti ake sayar da shi? Numfashin dai ina ja, tsakanin waya da waya.

A gaishe mini da kowa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙonki, na kuma ji surukarki ta sake kwanciya. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba ki juriya. Ki daina ba ni haƙuri, na san babu inda za ki ajiye Baba, ke da ke hawa bene da ƙyar.

Abin da nake tsoro ya faru. Ranar Talata na makara, ƙaramar ta kifar da shayi a kayan makarantarta, oga na ta kira. Sai na tsinci kaina a ƙofar ɗakin Baba da auduga a hannu, na rasa ko na yi masa allurar ko yanzu zan yi. Wallahi kaina wayam. In na ƙara, sukarin ya faɗi ya suma ba kowa a gida. In na bari, ya hau. Na tambaye shi. Ya kalle ni ya ce an yi, in tafi kada a yi mini faɗa a wurin aiki. Na tafi.

Da yamma na tarar da shi ya shanye ruwan da ke ɗakin kaf, idonsa na lumshewa, maganarsa ba ta fita sosai. Maƙwabciyar ce ta gwada sukarinsa ta ga ya hau, ta sa muka kai shi asibiti. Ya kwana, an sallame mu, ya ji sauƙi, kada hankalinki ya tashi.

A hanyar dawowa ya faɗa mini cewa ya san ban yi ba. Wai fuskata ya gani, ya ga in ya ƙara mini ko da abu ɗaya ne zan faɗi. Yaya, mutumin da ya goya mu a wuya, yau shi ke ɓoye mini ciwonsa don in samu in kai ofis.

Na nemi hutu, oga ya ce sai an samu mai riƙe teburin. Baban yara ya ce in daure. Daurewar ce dai nake yi tun farko.

Yau da safe na shiga da allurar, Baba ya miƙo hannu ya ce in ba shi, daga yau shi zai riƙa yi wa kansa. Kin san idonsa, ba ya ganin lambobin jikin sirinjin. Kin san yadda hannunsa ke rawa, ko kofi sai ya riƙe da biyu. Na auna masa na miƙa. Ya ɗaga riga yana laluben cikinsa, allurar na karkarwa, ya soka ya zare ya sake sokawa. Ina tsaye ina kallo. Ya kamata in karɓa, Yaya, amma ban karɓa ba, don hannunsa mai rawar nan ya fi kaina abin dogara.

Ban san yadda za mu yi gobe ba. Ki gaida yara.

Taki,
Auta