Ruwa Ya Haura Tudu, Babana Ya Juya Mini Baya

Didi Sumitra, ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

An haife ni a ƙauyen da ke gindin tudu, na yi aure a wanda ke bayansa. Marmaro ɗaya ne tsakaninmu, kuma a gefen su babana yake. Tun ina amarya nake haura tudun nan da tulun tagulla a kwando, igiya a goshi, in gangara in ɗebo, in sake haurowa. A hanyar nan na yi ɓarin cikina na biyu. Ban taɓa jin zafin kowa ba, haka muka tarar.

Da mijina Tikaram ya dawo daga aikin gini a Qatar, sai ya tara mutanenmu. Aka sayo injin tura ruwa mai aiki da hasken rana, aka ja bututu daga marmaro zuwa tanki a ƙololuwar tudu, daga nan ruwa ya gangaro da kansa har ƙofar gidajenmu. Ranar da famfo ya fara zuba, surukata ta tara hannu tana dariya tana hawaye. Ni ma na yi kuka, Didi.

To, rani ya yi tsanani bana. Ruwan da ke sauka gonakin su babana ya ragu, irin shinkafar da ya yafa ya ƙone kafin damina. Na kai masa man shanu, ko kallon kwanon bai yi ba. Cewa ya yi, "Kanchi, mijinki ya sa wa marmaro tsinken tsotso. Ku sha ku ƙoshi. Bikin Dashain kada ki wahalar da ƙafarki." Dashain shi ne babban bikinmu na shekara, kuma ban taɓa yin sa ba sai na je ya ɗora mini tika, jar alamar sa albarka, a goshi. Da na gaya wa Tikaram, sai ya ce, "Shinkafa ce ta fi bayanki daraja? Ki tambaye shi." Ga tankinmu kuwa kullum da rana yana ambaliya, yara suna wasa a taɓo. Yanzu in na buɗe famfo sai in ji kamar tuwon babana nake zubarwa, amma wallahi ba na son komawa ga tulun nan. Ni muguwar 'ya ce?

Taki,
Mai Gida Biyu

Ƙanwata,

Ke ba muguwa ba ce. Macen da ta rasa ciki a hanyar ɗebo ruwa ba ta da wanda za ta ba haƙuri don ta samu famfo. Ki ajiye wannan nauyin tukuna.

Amma mahaifinki ma ba rigima yake nema ba. Manomin da irinsa ya ƙone yana kallo, cikinsa ne ke magana. Kuma ina zargin abin da ya fi ci masa rai shi ne surukinsa ya ja bututu bai zo ya durƙusa ya nemi bakinsa ba. Tikaram ya yi aikin alheri, sai dai ya shiga ta taga.

Ki lura, ke da kanki kin faɗi inda gyara yake. Tankin da ke ambaliya ruwan gonar wani yake zubarwa. Akwai ƙaramar na'urar da ke tsayar da inji da zarar tanki ya cika, a saka ta. Inji mai hasken rana kuma ba ya aiki bayan faɗuwar rana, don haka in aka haƙa tafki a ƙasan marmaro, abin da ya kwana yana zuba zai taru wa masu gona. Mazan ƙauyenku su fito haƙar, kada a bar wa su babanki. A makonnin yafa iri kuwa, ku rage awannin inji, ku sha, ku dafa, wanki ya jira.

Ki daina kai saƙo tsakanin maza biyu, kowa zai huce a kanki. Tikaram ya taka da ƙafarsa, da dattijo ɗaya da matan da suka san tudun nan da bayansu, tun kafin biki. Kada ya je kare kansa, ya je tambaya: "Baba, yaya za mu raba?"

Ranar Dashain kuma ki shirya ki tafi, ko an gayyace ki ko ba a gayyace ki ba. Uba yakan kori 'yarsa da baki, amma da wuya hannunsa ya ƙi goshinta in ta sunkuya a gabansa.

Ubangiji ya ba ku damina mai albarka, ya sanyaya zukatan gidajenki biyu.

Didi Sumitra