Saƙon Baba ga Matar Kofur Garzali

Madinat Khalifa, Doha
Disamba, 2022

Zuwa ga Yaya Aruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa kwanciya hutu ce. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mana faɗi. Gari kuwa ya cika da 'yan kallon ƙwallo, ana ta busa da kaɗa tuta. Ranar da aka kai shi ma sai da motar gawa ta yi awa guda a cunkoso.

Na san ka da ƙyuyar karatu, amma wannan ka daure har ƙarshe, don maganar ba ta waya ba ce. Duniya ta san Baba Janar ne a zamanin juye-juyen mulki, ta san shi a majalisa, ta san shi a kujerar alƙali. Ni ma iyakar sanina ke nan, sai da korona ta rufe hanya ya maƙale a gidana, shi da ya zo ganin likita na wata guda.

Ka san halinsa, ba ya barin Bahaushe ya wuce sai ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. To akwai maigadin ƙofarmu, Masahudu, mutumin Malumfashi. Lokacin kulle shi ke sayo mana kayan miya a kasuwar Abu Hamour. Wata rana ya durƙusa daga nesa da takunkumi a fuska, Baba ya yi masa tambayar da ya saba. Ya ce shi ɗan Kofur Garzali ne, an harbe ubansa bisa zargin juyin mulki tun yana ciki, ko kabarin ba a nuna wa uwarsa ba. Baba ya ce Allah sarki, ya shige ɗaki. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Shekara biyu yana amsa gaisuwar bawan Allahn nan, bai ce uffan ba. Sai ana saura kwana uku ya rasu ya sa na kira shi. A gabana ya faɗa masa shi ya sa hannu a takardar kisan, alhali ya san Garzali direba ne kawai, an ce ja mota ya ja. Ya ce shekara goma sha biyu da ya yi yana alƙalanci, ba ranar da ya hau kujera bai ga fuskar kofur ɗin ba. Ya roƙi gafara yana kuka. Yaya, kunya da tausayi ba su taɓa haɗe mini haka ba, kuma har yau ina jin haushinsa, Allah ya yafe mini.

Masahudu bai ɗaga murya ba. Ya ce nasa ya bar wa Allah, amma ba shi ya yi takaba ba tare da ganin gawa ba, yafiya tana hannun uwarsa, Alimatu. Duk da haka shi ya yi wa Baba wanka, da shi aka ɗauki makara. Da na yi masa godiya, cewa ya yi haƙƙin Musulmi ya sauke, kada in ɗauka ya wuce haka.

To ga roƙona. A ambulan ɗin nan akwai takarda da hannun Baba, ya zana inda aka binne Garzali, gindin wata tsamiya bayan tsohon filin harbi. Ka je Malumfashi da ƙafarka, ba aike, ba 'yan rakiya. Ka kai Alimatu wurin kabarin tukuna kafin ka buɗe baki da roƙo. Kuma kada ka ce sai bayan sadakar arba'in, na san ka da gobe-gobe, ga shi Masahudu ya ce idanunta sun fara dushewa. In ta yafe, alhamdu lillahi. In ta ƙi, kada ka matsa mata, ka yi godiya ka fito. Mun daɗe muna cin arzikin sunan nan, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Ka gaida Inna Atine, da Bilkisu, da ɗana Umar Faruk. Alimatu kam kada ka ce mata ina gaishe ta, sai ta dafa tsamiyar nan da hannunta.

Ƙanwarka,
Haulatu