Tarin da Na Sani

Johor Bahru, Yuli 2005

Yaya Tutik,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Mama ta samu sauƙin gwiwa. Ni lafiya lau, aikin masana'anta da daɗi ba daɗi.

Shirin nan da nake naɗa ina sakawa a intanet yana tafiya, masu sauraro sun kai sha tara. Mu shida ne a ɗaki, don haka cikin kabad ɗin tufafi nake shiga in naɗa. Sai Darmo abokin kwanana ya riƙa bubbugawa: "Kai mai gidan rediyo, fito kafin ka dahu!" Kar ki gaya wa Mama, amma nan ne kaɗai nake samun sarari.

Masu saurare kan aiko da saƙon murya. Jiya wani ya iso, babu suna, babu magana. Kukan kurciya kawai, sai tari sau biyu, aka kashe.

Yaya, shekara uku Baba bai ce mini uffan ba, amma na san kurciyarsa, na kuma san tarinsa. Wa ya naɗa masa? Me ya so faɗa?

Kar ki tambaye shi. Ki dai ce masa saƙo ya iso.

Ƙaninki,
Wiryo